Allura ko tiyata? Yadda muka yi da namu mahaifin

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce likita ya tabbatar ciwon dajin furostat, ƙullutun da maza ke da shi a ƙarƙashin mafitsara, ya kai ƙashi, ya ce ku zaɓa tsakanin allurar wata uku-uku da tiyatar cire 'ya'yan maraina. Irin wannan ta same mu a nan Garwa ta Kamaru.

Ciwon nan da sinadarin mazakuta yake ƙiba, wanda maraina ke samarwa. Allura da tiyata duk aikinsu ɗaya, su toshe masa wannan abinci. Tun 1941 wani likita a Amurka, Charles Huggins, ya nuna haka. Ba sa kashe ciwon, kwantar da shi suke yi, wani sa'in har shekaru.

Mu allurar Decapeptyl muka ɗauka, don namu Baban ya ce wuƙa ba za ta taɓa shi ba. Da farko alhamdu lillahi, ciwon baya ya lafa, awon jini na PSA da ake bibiyar ciwon da shi ya sauko, har ya koma jam'i a masallaci. A zagaye na huɗu maganin ya yanke a kantin magani, mu ma aljihu ya riga ya bushe. Wata biyu ba allura, ciwo ya dawo har ba ya iya runtsawa. Sai a lokacin ya amince da tiyatar. Ƙaramin aiki ne, washegari aka sallame mu. Wallahi har yau watannin nan biyu suna ci mini rai.

Abin da dattawa ke gudu, wato mutuwar sha'awa, allurar ma tana kawo shi, haka gumi mai tasowa farat ɗaya da kasala. Saboda haka ku zauna da 'yan'uwanka ku yi lissafin gaskiya: za ku iya allurar nan shekara da shekaru ba fashi? In da shakka, ni tiyata zan ce. Amma kada ku yanke a bayan idon Babanku, jikinsa ne.

Ku tambayi likita ko ƙarfinsa zai ɗauki ƙarin magani, abiraterone ko docetaxel. In ƙashi ɗaya ya matsa masa, gasa wurin da hasken na'ura na rage zafi, ana yi a babban asibitin Duwala.

Ranar da kuka ga ƙafafunsa sun yi nauyi ko sun mutu, ko fitsari da bayan gida suna kufce masa, kada ku jira gari ya waye. Alama ce ciwon ya danne laka, a kai shi asibiti a daren.