Filin Masu Dawaki: Tambayoyinku kan kiwon dukushi da koya masa hawa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk akan dukushi ne, to na zaɓi guda huɗu, ta farko ce zan fi daɗewa akai saboda ita ce ta fi damuna.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Na sayi dukushi a kasuwar Maigatari, ɗan Arewa ne bikili, dillali yace min shekararsa 2 cif. Ni burina in hau shi hawan sallah mai zuwa, saura kamar wata 4. Abokaina sunce in ɗaura masa sirdi kawai in sa linzami, in yayi tutsu a bashi bulala kwana uku zai saduda. Dan Allah ya kake gani? Daga wani matashi a Gumel.

AMSA: Ɗana Allah ya sanya albarka a abinda ka saya. Amma tun kafin muyi nisa bari in gaya maka gaskiya, wannan sallar ba tashi bace, ka ari doki ko ka hau na gidanku, shi kuma ka barshi.

Fara buɗe bakinsa tukunna, don maganar dillali ba ita ce shekara ba. Doki yana da haƙoran gaba 6 a sama 6 a ƙasa. Na nono ƙanana ne farare tas, na girma kuwa sun fi faɗi kuma suna da ɗan ruwan ɗorawa. Biyun tsakiya suna faɗuwa wajen shekara 2 da rabi, na kusa dasu shekara 3 da rabi, na gefe shekara 4 da rabi, sai ya kai 5 bakinsa ke cika. In ka duba kaga duk na nono ne to bai kai 2 da rabi ba, kuma zai iya yiwuwa ma shekara 1 da 'yan watanni ne aka ciyar dashi yayi jiki, irin wannan na gani ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Abinda yasa nake cewa ka jira shine ƙashi. Ido yana ganin tsayi da ƙiba amma ƙashin dukushi bai gama ƙwari ba, na gwiwa sai wajen shekara 2 yake haɗewa, na gadon baya kuwa, wanda shine zai ɗauke ka, shi ne na ƙarshe, sai shekara 5 zuwa 6. Na san wani zai ce ai a Ingila ana tsere da 'yan shekara 2, eh ana yi, amma mahayin nasu bai fi kilo 50 da 'yan kai ba, sirdinsa kamar tafin hannu, gudun kuma minti ɗaya ko biyu an gama. Kai kuma fa? sirdinmu na gargajiya da nauyinsa, ga zubka ga jalala ga kayan ado, ga ka da babbar riga da rawani, a tsaya a rana awa uku ko huɗu cikin cunkoso, 'yan bindiga na bugawa, kakaki da algaita a kunnensa, sannan a ƙare da sukuwa da zamiya a gaban fada. Wallahi ko ingarman da ya saba yana jin jiki a ranar, balle wanda ko majayi bai taɓa ji a cikinsa ba.

Maganar bulala kuma, zai saduda ɗin kamar yadda suka faɗa, sai dai abinda zaka samu ba shine kake so ba. Akwai wata barga da na taɓa shiga, ba zan faɗi ko ta waye ba, na tarar da wani dukushi akawal kyakkyawa an masa irin wannan horon, an sa masa babban linzaminmu mai zobe tun ranar farko. Gefen bakinsa duka biyu ya tsage ƙuda na bi, ƙarƙashin haɓarsa inda zoben ke zama ya saɓule, ina miƙa hannu zan shafa wuyansa ya ja da baya har igiya ta shaƙe shi, jikinsa na rawa fitsari na zuba. Na daɗe tsaye a wurin na kasa cewa komai. Dokin nan har ya girma in yaga linzami sai ya ɗaga kai sama ya miƙe da ƙafa biyu, mai shi ya gaji ya sayar da asara.

Ga yadda ni nake yi. Ragama kawai, babu ƙarfe a baki, ka riƙa jansa safe da yamma yana binka, ka tsaya ya tsaya, kuma duk lokacin da ka ja ya biyo ko da taku ɗaya ne ka sassauta igiyar nan take, don da sassautawar yake gane yayi daidai, mutane da yawa nan suke kuskure suna ta ja babu saki. Ka shafa ko'ina a jikinsa, kunne, ciki, ƙarƙashin wutsiya, ka riƙa ɗaga ƙafafunsa huɗu kana ƙwanƙwasa kofato, ranar da za a gyara masa kofato zaka gode min. Ɗaurin turke ka fara da ɗan lokaci kaɗan kana wurin, kar ka ɗaure ka tafi kasuwa. Bayan nan buhu ko tsohon bargo a baya, ya shinshina tukunna kafin ka ɗora, sai zubka, sai majayi a ja kaɗan kaɗan ba a tamke lokaci guda ba, sai sirdi babu kowa akai a zagaya dashi. Linzamin farko ka nemi mara nauyi mai gaɓa a tsakiya irin wanda ake samu wajen 'yan folo, ka shafa masa zuma, kuma kafin nan likita ya duba bakin don wasu suna da ɗan ƙaramin haƙori gaban turame wanda ƙarfe ke bugawa. Duk wannan kar ya wuce minti 15 zuwa 20 a rana, hankalin dukushi kamar na yaro ne, in ya gaji ba abinda zai ƙara shiga.

Sai ya cika shekara 3 sannan a samu yaro mara nauyi mai natsuwa ya fara kwantawa akan sirdin da ciki, kwana biyu uku sannan ya zauna, wani yana riƙe da ragama, a bi bayan tsohon doki mai sanyin hali a fita kilisa, tafiya kawai da ɗan sassarfa. Sukuwa da zamiya ni bana yarda sai ya haura 4.

Ranar sallar kuma in kana so ya amfana, ka sa wani ya jashi can nesa da taro inda zai ji ƙarar bindiga da tambari daga nesa yana cin harawarsa, in ya tsorata a ƙara matsawa baya. Wannan kaɗai babban karatu ne a wurinsa.

TAMBAYA: Malam ina da goɗiya cikin fari, an yi mata barbara wata 10 da suka wuce. Ban taɓa karɓar haihuwar doki ba sai ta shanu da awaki. Me zan shirya? Daga wani makiyayi a yankin Dogon Dutsi, Nijar.

AMSA: Ɗan'uwa lokaci ya matso, cikin goɗiya wata 11 ne, kwana 340 ko ƙasa ko sama da haka kaɗan. Abu na farko ka nemi likitan dabbobi yanzu yayi mata rigakafin tetanos, wato ciwon nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora, ana so ayi sati 4 zuwa 6 kafin haihuwa don kariyar ta bi nono ta isa ga ɗan. Doki na cikin dabbobin da wannan ciwo yafi kamawa kuma ta cibiya yake shigar jariri.

Ka share wuri mai faɗi ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai tsabta, ka cire mata dabaibayi. In kaga hantsarta ta cika, kan nonon ya fito da wani abu kamar kakin zuma, to saura kwana ɗaya ko biyu, kuma galibi da dare suke haihuwa in gari yayi shiru, ka riƙa leƙawa da ƴar fitila ba tare da ka dameta ba.

Inda ta bambanta da saniya shine sauri. Saniya zata iya ɗaukar lokaci ɗan ya fito lafiya, goɗiya kuwa in faya ta fashe cikin minti 20 zuwa 30 ya kamata ace ya faɗo, zaka ga ƙafafun gaba biyu ɗaya ta ɗan riga ɗaya, hanci a kansu. In lokacin ya wuce ko kaga ƙafa ɗaya kawai ko wutsiya, kira taimako take. Bayan nan ka riƙe lissafin 1, 2, 3, awa 1 ya miƙe, awa 2 ya kama nono, awa 3 mabiyiya ta faɗo. In bata faɗo ba kar ka ja da hannu, ka ɗaure ta sama yadda bazata taka ba ka kira likita, don ragowarta a ciki yana kawo zazzaɓi da ciwon kofato, yana ma kashewa.

Dakashi kuma dan Allah kar a tatse a zubar wai ƙazanta ne. Dukushi yana zuwa duniya babu garkuwar jiki, daga wannan nonon farko yake samu, kuma hanjinsa yafi karɓa a awa 12 na farko, in aka kwana aka wuni ƙofa ta rufe. Cibiya a barta ta tsinke da kanta a tsoma a ruwan aidin da aka sirka, banda toka banda ƙasa. Ka lura yayi kashin farko, baƙi ne mai tauri, in yana ta yunƙuri yana kaɗa wutsiya babu komai shima a duba shi. Wajen kwana 7 zuwa 12 yakan yi ɗan zawo mai sauƙi, in yana shan nono yana tsalle-tsallensa ka wanke masa gindi kawai ka shafa man kaɗe, in ya daina sha ko ya kwanta yayi laushi wannan kuma na likita ne a ranar.

TAMBAYA: Baba, dukushina wata 7 ne, an yaye shi, yana ci sosai amma ciki ya kumbura, gashi ya tashi, haƙarƙari a waje. Dusa nake bashi safe da yamma. Daga Funtuwa.

AMSA: Ɗana abu biyu nake zargi kuma ina jin duka biyun ne. Na ɗaya tsutsar ciki, akwai wata fara doguwa kamar taliya, tana kai taƙi guda har fiye, ita ce babbar abokiyar gabar dukushi ɗan ƙasa da shekara, shi yasa ake fara bada magani tun yana wata 2 zuwa 3. Amma tunda naka ya kai haka kar kaje kemis ka sayo ka ɗura masa da ka, in tsutsar tayi yawa ta mutu lokaci guda tana toshe hanji, kuma doki baya amai, ciwon ciki a wurinsa ba wasa bane. A kai kashinsa asibitin dabbobi a auna, ku Zariya ma bata muku nisa akwai asibitin koyarwa na dabbobi a jami'ar Ahmadu Bello, likita ya zaɓi maganin ya auna da nauyinsa. Allurar tsutsa ta shanu da wasu ke caka wa doki ku daina. Kuma a riƙa kwashe kashi daga murinsa kullum don a nan ƙwan yake.

Na biyu dusar. Dusa zalla tana da sinadarin fosfaras da yawa, sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi kuma kaɗan, in aka daɗe a kanta ƙashi ne ke yin laushi, har kaga fuskar doki ta kumbura tsakanin ido da hanci. Ka mayar da harawar wake ko ta gyaɗa da ciyawa mai kyau su zama sune abincin, dusa da ɗan hatsi su zama ƙari, a raba sau uku don tumbinsa ƙarami ne, ga gishiri ga ruwa mai tsabta kullum, kanwa kaɗan ta isa. Canjin a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Abincin kaji na buhu kar ya kusance shi, akwai maganin da ake sawa a wasu wanda guba ne ga doki, haka gyauron dawa da duk abinda yayi hunhuna da damina.

TAMBAYA: Malam yarana sun shaƙu da dukushin babansu, suna bashi sukari a hannu suna kokawa dashi, yanzu ya fara cizo, jiya ya ɗora wa ƙaramin ƙafa a kafaɗa. Hankalina ya tashi. Daga wata uwa a Katsina.

AMSA: Hajiya kina da gaskiya da hankalinki ya tashi, abinda yake wasa yau in ya zama ingarma mai kilo 300 da wani abu asibiti ne. Ba mugunta yake ba, ya ɗauki yaran 'yan'uwansa ne, haka dukusai ke wasa da juna. Daga yau a daina bashi komai a hannu, a zuba a kwano, kokawar ma a daina gaba ɗaya, kuma kar yaro ya shiga wurinsa sai da babba, kar su tsaya ta bayansa. In ya kawo baki a tsawatar da murya a tura shi baya a daidai lokacin, ba a bari sai anjima a zo da sanda ba don ba zai san laifin me ake dukansa ba, fuska da kai kuwa ba a duka sam. Ki gaya wa maigidan in da hali a riƙa sakinsa tare da wata babbar goɗiya ko tsohon doki mai haƙuri ko da awa biyu ne a rana, su suke koya masa iyakarsa fiye da mu, ga gudu da zai yi ya rage ƙarfin dake cinsa a turke. Yaran kuma a basu aikin goge masa jiki da buroshi da kawo ruwa, babansu na riƙe da ragama.