Amsar Goggo kan adon bishiyar Kirsimeti na ɗinkin hannu

'Yata, na ga saƙonki tun jiya da dare, na bari sai yau ne don wannan ba maganar layi biyu ba ce. Kin ce bana ne Kirsimetinki na farko a ɗakinki, kin kafa bishiya kina so ki yi mata ado da ƙyalle da zare da hannunki, amma wata ta ce miki wai ba haka ake yi ba, wai adon bishiya sai ƙwallayen nan masu ƙyalli na saye, shi ne kike tambaya ko al'adar ta yarda da na ɗinki, in kuma ta yarda ta ina za ki fara.

To ki kwantar da hankalinki, na hannu ya riga na saye zuwa duniya, nesa ba kusa ba. Ita wannan al'ada daga wajen Jamusawa ta fito, musamman yankin Alsas wanda yau yake cikin Faransa. Akwai wani rubutu na shekarar 1605 daga birnin Sitirasbug da ya faɗi abin da mutane ke ratayawa a bishiyarsu a lokacin, furanni ne da suka yanka daga takarda mai launi-launi, da tuffa, da 'yan kayan zaƙi, da takardar zinariya mai sheƙi. Kin ga duk abin da gida ke iya yi da almakashi da zare ne. Ita tuffar ma tana da dalili, a da can ranar 24 ga Disamba ranar tunawa da Adamu da Hauwa'u ce, ana wasan kwaikwayo a kafa itace a rataya masa tuffa a matsayin itacen gonar Aidan, daga nan itacen ya shigo cikin gidaje. Ƙwallayen gilashi sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 masu hura gilashi na wani ɗan gari Lausha a Jamus suka fara yin su, kuma siffar 'ya'yan itacen nan suka riƙa kwaikwaya. A 1848 wata jarida a Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat da 'ya'yansu tsaye gaban bishiya a fadar Winsa, shi ya sa Ingila ta ɗauka gadan-gadan, Amurka ta biyo baya, fitilun lantarki kuwa sai 1882 aka fara sa su a bishiya a birnin Niyok na Amurka. Saboda haka wadda ta ce miki ba haka ake yi ba, ƙarshen labarin ta tarar bata ga farkonsa ba.

Batun siffa da launi kuma babu dokar da ta ɗaure ki, Littafi Mai Tsarki bai ce a kafa bishiya ba balle ya faɗi abin da za a rataya, al'ada ce ta murna. Amma ni dai na fi son kowane abu da ke jikin bishiyar ya zama yana da abin da yake faɗa, don yaro zai zo ya nuna da yatsa ya ce mene ne wannan, ya kamata ki samu amsar ba shi. Tauraro shi ne na Matiyu sura 2 wanda ya ja masanan gabas har Baitalami, mala'ika da ɗan rago na Luka sura 2 ne, makiyaya suna tsaron garke da dare, kurciya salama, ƙararrawa shela. Akwai ma wata mata Frances Spencer a wata majami'ar Lutaran a Danbil ta jihar Bajiniya a Amurka, a 1957 ta fara wani irin ado da ake kira Kirismon, alamomin Almasihu zalla, fari da ruwan zinariya kawai, kuma da hannu ake yin su. In kina son bishiya mai natsuwa ki bi wannan, farin yadi da zaren ruwan zinariya, kyau kamar me. In kuma ja da kore kike so, yi abinki.

Yanzu aikin. Yadin da ya fi sauƙi ga mai farawa shi ne fel, wannan mai ɗan kauri da ake matse gashinsa ba saƙa shi ake ba, don haka in kin yanka bakinsa ba ya zarewa, ba ruwanki da kalmasa. In babu, duk wani ƙyallen auduga mai ɗan jiki zai yi, amma ki riƙe wannan da kyau, a yadin saƙa ana yin adon ne KAFIN a yanka. Ki zana siffar da alli, ki ɗaure yadin a zoben katakon nan na aikin allura ya miƙe tsam, ki gama adonki tukuna sannan almakashi ya shigo, ki bar wajen rabin santimita a gefe na ɗinki. In kika yanke ɗan ƙaramin tauraro kika ce za ki yi masa ado a hannu zai yi ta tattarewa yana zarewa har ranki ya ɓaci.

Ki yanka siffar a kwali ki ajiye, shi ne ma'auninki na kowace shekara. Kada ta wuce santimita 7 zuwa 8, babba yana rinjayar reshe. Ki fara da zuciya ko da'ira, tauraro yana da kusurwa biyar kuma kowace tana son haƙuri, bari sai hannunki ya faɗa.

Zaren ado sili shida yake zuwa a murɗe, kada ki zura shi duka a allura, aikin zai yi kauri ya yi muni. Ki yanko tsawon daga yatsa zuwa gwiwar hannu, ki riƙe bakin ki zare sili ɗaya-ɗaya a hankali, ki haɗa biyu don zane mai laushi, uku don baki. Na san za ki ga kamar dogon zare ya fi sauri, ba ya fi, ƙullewa yake yi yana kuma gajiya yana gashi tun baki kai rabi ba. Zare ja kuma ki jiƙa guntunsa ki danna a farin ƙyalle ki gani ko yana zuba kafin ki sa shi a farin yadi, na taɓa yin kurciyoyi shida farare tas da jan baki, danshi ya taɓa su a ajiya, da na buɗe shekara ta zagayo duk sun koma ruwan hoda, ranar har ƙwalla na yi don na daɗe a kansu.

Ɗinki huɗu sun ishe ki. Na farko shiga-fita, sama ƙasa sama ƙasa, wanda kowa ya iya. Na biyu mai komawa baya, ki fito gaba kaɗan ki koma ki soka a inda na baya ya tsaya, shi ke ba da layi marar yankewa, da shi ake rubuta suna da shekara. Na uku ƙulli, ki fito da allura ki naɗa mata zare sau biyu ki mayar da ita dab da inda ta fito, ba cikin ramin ba, hannun hagu yana riƙe da zaren a miƙe har allurar ta wuce, sai ki ga ɗan ɗigo ya zauna das kamar ƙwayar tsaba, da shi nake yin idon kurciya da gashin ɗan rago, in kika cika jikin ragon da ƙulli fari sai kin ji kamar ki shafa shi. Na huɗu na bakin bargo, shi ne na haɗa gaba da baya, ki soka daga gefe ki bar zaren ya bi ta ƙarƙashin allura kafin ki ja, zai kwanta a bakin kamar haƙoran mataji. Sirrinsa tazara ce, ki sa ta zama ɗaya ko da faɗi ne, kuma kada ki ja da ƙarfi.

Kafin ki rufe ki sa madaukin ratayewa, ribon siriri ko zare mai kauri, ki tura bakinsa tsakanin yadin biyu ki ɗinke shi sau uku ko huɗu don nan ne yake fara tsinkewa. Ki ɗaga da yatsa biyu ki ga inda abin ya tsaya daidai tukuna, in ba haka ba kurciyarki za ta rataye kai ƙasa. In saura ɗan wuri ki rufe sai ki cusa auduga kaɗan-kaɗan, ki tura ta lunguna da gindin fensir, kaɗan fa, ya ɗan taso kawai ba ya kumbura ba. Guga ta baya ake yi a kan tawul don kada adon ya kwanta, fel na roba kuma kada dutsen guga mai zafi ya taɓa shi, narkewa yake.

In akwai yara ƙanana a gidan ki bar maɓalli da duwatsun ado, cirewa suke su kai baki, ƙulli ya ishe ki. Na yadin su za ki sa a rassan ƙasa don ko an fizgo ba ya fashewa, kuma kada kyandir ya matso kusa da bishiyar ko kaɗan.

Abu ɗaya da nake roƙonki, kada ki ce sai kin cika bishiyar bana. Ki yi uku ko huɗu, ki ɗinka shekarar a bayan kowanne, baɗi ki ƙara. A akwatina akwai wani ɗan tauraro shuɗi da na yanka daga rigarki ta jarirai shekarar da aka haife ki, kusurwa ɗaya ta fi sauran tsawo, zaren ya koɗe, amma duk shekara shi nake fara ratayawa ina yi miki addu'a, kin girma kina ganinsa baki san naki ba ne. Ana sauke ado yawanci ranar 6 ga Janairu, ki tabbata sun bushe sarai, ki jera su a kwali da takarda tsakani, ki rufe da kyau saboda asu yana son ulu. Tauraron nan zan ba babanki ya kawo miki tare da kwalayen ma'aunina, ki turo min hoton na farkon da kika ɗinka, gaba da baya, ina so in ga bayan.