Amsa ga Malam Sakatare kan karrama matasan malaman gona

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Tambayarka dai ita ce ƙungiyarku na son ta riƙa karrama matasan malaman gona da suka yi fice duk shekara, to waye matashi, da me za a auna, kuma me za a ba shi. Na ga wasu 'yan uwa sun ce a raba fom shugabannin shiyya su cike su kawo sunaye. Ni kam ban yarda da wannan ba, in kuka bi ta nan to yaran oga kawai za ku tara a zauren taro, wanda ya iya ɗaukar jaka da wanda ya iya rubuta rahoto mai daɗin karantawa. Na daɗe a aikin nan, na yi shi a ƙauye kuma na riƙe masu yinsa, bari in faɗi nawa.

Maganar waye matashi, ku ƙirga shekarun aiki, ku bar shekarun haihuwa. A Amurka ƙungiyar malaman gona na gundumomi haka take yi, akwai lambar waɗanda ba su kai shekara 10 a aiki ba, ta waɗanda suka haura daban. Akwai kuma lambar Norman Borlaug ta aikin fili da aka fara a 2012, ita shekarun haihuwa take dubawa, ƙasa da 40, a 2013 Charity Mutegi 'yar Kenya ta ci saboda aikinta kan gubar funfuna da ke lalata masara. Amma mu nan namu daban ne, yaro zai gama Kwalejin Audu Bako ta Dambatta ko ta Samaru ya yi shekara da shekaru yana zaman jira kafin a ɗauke shi aiki, ranar da zai fara ma furfura ta soma leƙowa. Kuma dan Allah kar ku ce sai ma'aikacin gwamnati mai fayil, domin tun da aka kawo N-Power a 2016 da kuma ƙungiyoyin da ke ɗaukar yara kwantiragi, da yawan masu shiga ƙauye yanzu ba su da fayil a ko'ina. Sai dai ku sa ƙa'ida ta ƙasa ita ma, sai wanda ya yi damina uku a wuri ɗaya. Dalilin yana tafe.

Abin da ya daɗe yana ruɗin mu a aikin nan shi ne auna zirga-zirga. Tun lokacin da Bankin Duniya ya kafa ayyukan Funtua da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, aka zo da tsarin horo da ziyara, duk mako biyu a tara malamai a yi musu bita su koma su zagaya manomansu, sai ya zama abin da ake dubawa shi ne littafin ziyara, ka je ƙauye kaza ranar kaza ka ga mutum kaza. To takarda ai ba ta musu, duk abin da ka rubuta mata za ta karɓa. Gonar gwaji ma haka, shekarar farko ko wa ya riƙe ta sai ta yi kyau, tunda an ba da iri an ba da kamfa da yuriya an ba da maganin feshi, manomi kuma ba zai ƙi kyauta ba, zai yi maka duk abin da ka ce a ɗauki hoto. Shi ya sa nake cewa damina uku. Ku je a shekarar da aka janye tallafin, kuma kar ku tsaya a gonar gwajin, ku tsallaka gonar maƙwabci wanda ba a taɓa ba shi ko mudu ɗaya na taki ba. In kun ga ya sa kuɗinsa ya kwaikwaya, to malamin ya koyar, wannan ne ma'aunin da ni na yarda da shi.

Akwai wani yaro da na taɓa dubawa, rahotonsa wallahi ba ya karantuwa, kullum a makare yake kawo shi. Da na shiga yankinsa cikin Agusta sai na ga gonakin masara a jere layi-layi, tazarar kunya santimita 75, tsakanin shuka 25, ƙwaya ɗaya a rami, irin yadda 'yan Sasakawa, ƙungiyar bunƙasa noma ta Japan, suka yaɗa tun zuwansu Najeriya a 1992. Na tambayi wani dattijo wa ya auna masa, sai ya shiga bukka ya fito da igiya duk an ƙuƙƙulle ta, kowane ƙulli rami ɗaya, ya ce malam ne ya ƙulla ta farko su kuma suka yi ta kwafa, har da murfin kwalbar lemo a aljihunsa da yake auna taki, ya tona gefen shuka ya zuba ya rufe maimakon watsawa a sama rana da ruwa su kwashe. Ba ko ɗaya cikin gonakin nan da ke cikin lissafin ofis. A shekarar wani ne aka karrama, ba shi ba.

Toh kwamitinku ya fita da damina, ba sanarwa, kuma ba tare da malamin ba, don in yana tsaye ba mai faɗin aibinsa, kunya ba za ta bari ba. Kar ku tsaya a ƙofar mai unguwa kaɗai. Ku tambayi manomi sunan malamin, ku ce ya nuna muku lambarsa a waya, ku tambaye shi da tsutsa ta shiga masara wa ya fara kira, ya zo ko bai zo ba. Mu da muka ga 2016, tsutsar masara ta shigo ga sharon, tsutsar tumatir, ta cinye tumatir a Kadawa ta jihar Kano, a nan muka gane masu aiki da masu jiran alawus. Ku leƙa wajen mai sayar da magani a kasuwar garin ma, shi ya san malamin da ke turo mutane da sunan magani a rubuce, ya kuma san wanda ke karɓar kamasho.

Kuma kar ku auna da yawan buhu. Wanda aka tura fadama mai ruwan rani da wanda aka tura tudu mai jigawa da ƙuduji ba za su taɓa kawo amfani ɗaya ba, a duba inda kowa ya tarar da mutanensa da inda ya kai su.

Sai mata, nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Aikin malama ba a ganinsa daga bakin titi, cikin gida yake. Wata da na sani buhun PICS ta koyar, leda biyu a ciki buhu a waje, ta sa matan su hura ledar su matse su ji ko akwai huda, su zuba wake busasshe su kori iska su ɗaure kowace leda daban, ba ko digon magani, a bar shi har bazara lokacin da kuɗinsa ya hau. In ba mace a kwamitinku wa zai shiga ya ga wannan? Ku ware musu gurbinsu kawai, in aka haɗa da maza hoton gona zai cinye su.

Kyauta kuwa, allon girmamawa da satifiket ba laifi amma ba sa kai mutum ƙauye. Malami ɗaya manoma dubbai ke kansa, babur yake buƙata da kuɗin mai, ko ku biya masa gajeren kwas a NAERLS, cibiyar yaɗa ilimin noma ta Zariya, sannan ku rubuta wasiƙa zuwa ma'aikatarsa a sa a fayil don ranar ƙarin girma, mai kwantiragi kuma ta zame masa shaidar neman aiki. A yi bikin a ƙauyen da yake aiki ranar kasuwa, gaban manomansa, ya fi otal araha nesa ba kusa ba. Ku gayyaci ogansa ku ambaci sunansa shi ma, kun dai san halin ofis. Sannan ku roƙi alfarma kar a ɗauke shi, don na sha gani ana karrama yaro yau, wata mai zuwa an maida shi hedikwata yana haɗa rahoto, ƙauyen ya koma ba malami.

In kuɗin ƙungiya bai da yawa ku fara da mutum biyu bana, namiji ɗaya mace ɗaya, ragowar ku zuba a man motar kwamiti. In kuna son tambayoyin da za a yi wa manoma ku yi min magana in turo muku waɗanda muke amfani da su.