Hukuncin Allurar Rigakafin da Aka Yi da Matacciyar Ƙwayar Cuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kai jaririna rigakafi yana da mako 14, bayan ɗigon baki sai aka ƙara masa allura a cinya. Ma'aikaciyar ta ce ita ma ta shan-inna ce, amma matacciyar ƙwayar cuta ce a ciki. Da na dawo gida surukata ta ce ashe mushe na bari aka ɗura wa jikanta. Hankalina ya tashi. Shin na yi laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Ba ki yi laifi ba, allurar halal ce, ba najasa ba ce.

Mushen da Allah Ya haramta shi ne dabbar da ta mutu ba yanka. A nan ma malamanmu na Malikiyya sun bambance: abin da ba shi da jini mai gudana, kamar ƙuda da tururuwa, gawarsa mai tsarki ce, kamar yadda ya zo a Muhtasar Halil. Daga cikin hujjojin malamai akwai hadisin Buhari cewa idan ƙuda ya faɗa cikin abin sha, a dulmiya shi sannan a fitar. Da gawarsa najasa ce, da ba a yi umarni da abin da zai iya kashe shi cikin ƙwarya ba.

To, ƙuda ke nan, mai fukafukai da ƙafafu. Ina ga bairos, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo shan-inna? Ba ta ci, ba ta sha, ba ta numfashi, ba ta da jini. Ɗan ƙunshin saƙon gado ne cikin ɓawon furotin, ta shan-inna faɗinta kusan kashi 30 cikin miliyan na milimita ɗaya. A wajen jiki shiru take kamar ƙura. Sai ta kutsa cikin ƙwayar halittar mutum take aron kayan aikinta ta yi ta buga kwafin kanta. Su masana ma sun yi saɓani ko za a kira ta mai rai. Abin da ba a tabbatar da ransa ba, ta yaya za a nemi yankansa?

Kalmar "matacciya" ce ta kawo ruɗanin. Abin da ake yi, tun allurar shan-inna ta likitan Amurka Jonas Salk ta 1955, shi ne a jiƙa ƙwayar da sinadarin fomalin har ta rasa ikon hayayyafa, ɓawon kuwa yana nan da siffarsa. Kamar saɓar maciji ce: yaro zai gan ta ya gane kamanninsa, amma ba za ta sare shi ba. Haka garkuwar jiki ke gane cutar tun kafin ta zo.

Neman magani kuwa Annabi (SAW) ya yi umarni da shi, kuma asalin abubuwa tsarki ne sai hujja ta zo. Ina jin ciwon abin da ya faru a 2003, lokacin da zargi ya sa aka dakatar da rigakafi a Kano, cutar ta bazu har ƙasashen maƙwabta, yara suka shanye. Sai a 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar daga Afirka.

Surukarki tsoron Allah ne ya sa ta magana, kada ki yi jayayya da ita. Ki sa maigidanki ya karanta mata wannan cikin ladabi, ku kuma cika wa yaron sauran alluransa a kan lokaci. Allah Ya raya shi. Wallahu a'alam.