Game da awoyin jiran lodi ga direbobin manyan motoci a Amurka

Malam, ka tambaya ko awa 3 da ka yi kana jiran a yi maka lodi za ka iya rubuta su a matsayin hutu. Idan kana tsaye kan kayan, kana ƙirga su ko kana sa hannu a takardu, to kana kan aiki ne, tuƙi kawai ba ka yi, kuma haka za ka shigar a na'urar ELD, wato wadda ke rubuta awoyin aikin direba.

Abin da ke cin sababbin direbobi shi ne agogon awa 14, wato wa'adin da in ya ƙare doka ta hana ka ci gaba da tuƙi. Da zarar ka fara aiki bayan hutun awa 10 a jere, ya fara gudu, jira ba ya tsayar da shi. A cikinsa ne kake da awa 11 na tuƙi. Na taɓa ɓata rabin yini a wani wurin ɗaukar kaya, da yamma na ga agogo ya ƙare alhali saura mini awa 4 na tuƙi. Dole na kwana a hanya.

Sauƙin da dokar 2020 ta FMCSA (hukumar da ke kula da manyan motoci a Amurka) ta kawo shi ne, jiran minti 30 a jere yana wadatar da hutun da ake nema bayan tuƙin awa 8.