Amsa: Yaran tallan madara da nonon uwa

'Yar'uwa, kin tambaya ko nononki ne bai isa ba, tunda yaran tallan madarar gwangwani duk ɓul-ɓul suke. Kwantar da hankalinki, zaɓo su ake yi don a sayar da kaya. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar hana tallata madarar jarirai, har da sa hoton jariri a gwangwani. Talla ba ya nuna bulumboti marar tsabta, ko gudawar da yake jawowa.

Ki ba jaririnki nono zalla wata 6, ko ruwa banda. In yana yawan fitsari, nauyinsa na ƙaruwa a wurin awo, to yana ƙoshi. In ba haka ba, ki je asibiti. Akwai uwar da madarar ke zame wa dole, kuma ba laifinta ba ne.