Ƙugiyar jan tirela ta tsaga shasi, dila kuma ya ƙi garanti

Malam, idan na fahimci tambayarka daidai, motarka tana cikin garanti, an ɗaura mata ƙugiyar jan tirela (ƙaramin keken kaya da mota ke ja a baya) a wani garejin da ba na dila ba, ta yi ta ƙara a baya, yanzu kuma ka ga tsagewa a shasi dab da notukan da ke riƙe da ita. Ka kai wa dila, ya ce tunda ba su suka ɗaura ba, garanti ya faɗi.

Kafin komai, kar ka bari mai walda ya taɓa wajen, kuma ka daina jan tirelar. Tsagewar nan ita ce shaidarka. Da zarar an narka ƙarfe a kanta an shafa fenti, magana ta ƙare, don babu wanda zai iya gane daga ina ta taso. Ka shiga ƙarƙashi da tocila ka ɗauki hotuna kusa-kusa, notukan na nan yadda suke, ba a kwance ko ɗaya ba.

Ƙarfe yana faɗin abin da ya same shi. In ramin noti ya tashi daga zagaye ya yi tsawo, kuma ka ga garin tsatsa ja-ja ya zubo daga ƙarƙashin kan notin, to notin ya daɗe a sake yana cin ramin, kuma ƙarar da ka riƙa ji ke nan. Wannan aikin mai ɗaurawa ne: bai ɗaure da sufana mai auna ƙarfi ba, ko ya manta farantin da ake sakawa cikin shasi don ya raba nauyi, ko ya sa noti mai lamba 8.8 a inda takarda ta ce 10.9. Lambar tana kan notin, ka karanta. In tsagewar ta fara daga ramin da aka huda sabo, musamman a leɓen sama ko na ƙasa na shasin, nan ma laifin gareji ne, don a nan ƙarfen ya fi shan wahala. In kuwa daga bakin waldar ƙugiyar kanta ta faro, kamfanin da ya ƙera ƙugiyar za ka nema, su ma suna da nasu garantin. Sai in ƙugiyar ta lanƙwashe ta kalli ƙasa, to lodi ne ya yi yawa, kuma gaskiya nan ba ka da ta cewa. Ka duba cikin tsagewar ma: inda ya yi baƙi da tsatsa tsohuwa ce, inda ke ƙyalli sabuwa ce. In rabinta tsohuwa ce tun kafin ranar da ke kan rasit ɗin ɗaura ƙugiyar, dila na da tambayar da zai amsa.

Batun lodi shi ne inda yawancin masu mota ke faɗuwa, don haka ka auna kafin su auna maka. Lambobi uku ne: abin da littafin motar ya ce za ta iya ja, abin da ke rubuce a jikin ƙugiyar, da wanda aka buga a kan dunƙulen da tirela ke hawa. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne iyakarka. Ƙugiya mai aji na 3 a tsarin Amurka tana jan fam 5,000, wajen kilo 2,270, amma in motar kilo 1,500 aka rubuta mata, ƙugiyar ba ta ƙara mata ko kilo ɗaya ba. Sannan akwai nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan dunƙulen, wanda mutane ke mantawa da shi. A tsarin Amurka ana so ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar, wato tirela mai kilo 1,500 ta danna kilo 150 zuwa 225. Motocin Turai da yawa iyakarsu a nan ba ta wuce kilo 75 zuwa 100 ba. In ka tara kaya a gaban tirelar, sai ka wuce wannan iyakar alhali jimillar nauyin na nan daidai. In kuma an sa ƙarin ƙarfe don tsawaita ƙugiyar, masu ƙera shi da yawa na cewa ƙarfin ya ragu da rabi. Ka kai tirelar kan sikelin manyan motoci da lodin da ka saba ɗauka, ka karɓi takardar awon, amma da wata motar za ka ja ta, ba wannan mai tsagewar ba.

Yanzu maganar dila. "Garanti ya faɗi" magana ce ta baki, kuma sau da yawa ta fi abin da ke rubuce faɗi. Ɗauko littafin garantin ka karanta sashen abubuwan da ba ya rufewa. Galibi cewa yake yi ba za a biya ɓarnar da kayan da aka ƙara suka jawo ba, bai ce motar gaba ɗaya ta fita ba. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan wani kamfanin, sai an nuna cewa kayan ne suka jawo lalacewar. Ƙasashe sun bambanta, amma tambayar ɗaya ce ko'ina: me ya jawo? Ka ce su rubuta maka dalilin ƙin a kan takardar aiki, da sa hannu. Da wannan za ka wuce dila ka rubuta wa ofishin kula da abokan ciniki na kamfanin motar, ka nemi a turo injiniyansu ya gani, ka haɗa da hotuna, rasit, takardar awo da ta sabis. Ka samu wani bakanike mai zaman kansa shi ma ya rubuta abin da ya gani.

Sai dai kar in ɓoye maka: tsagewa a daidai notin ƙugiyar da ba su suka ɗaura ba, da wuya kamfanin motar ya biya. Wanda ya fi kusa da biya shi ne garejin da ya ɗaura, don haka su ma ka rubuta musu yau, kar ka jira sai ka gama da dila. Abin da za ka tsare a wajen dila shi ne sauran motar, kar gobe injin ko na'urar sanyaya ta lalace su ce ai ƙugiya.

Tunda kana ƙarƙashi, ka leƙa wayoyin fitilun tirelar. In feɗe wayar fitilar baya aka yi aka murɗa, a cire a sa ƙaramin akwatin da ke jan wuta daga batir ta fiyus ɗinsa, don motocin yanzu kwamfuta ce ke kula da fitilu, kuma in ta ƙone wata rigimar garantin ce sabuwa. Ka kuma duba ko an riƙa canja man giya a kan jadawalin aiki mai tsanani, don jan tirela a nan littafin ke sa shi, kuma takardar sabis ce farkon abin da za su nema.